Lungun da Aka Kafa Esi

Ranar wata Talata ce cikin watan Maris na 2006, rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan duwatsu. Hasiya na zaune a tsakar gida kan kujera 'yar tsugunno tana tsince shinkafa. 'Yarta Suwaiba, 'yar shekara sha shida, tana kwashe shanya daga igiya, ko siket ɗin makaranta ba ta cire ba. Ladanin layinsu na Kwararafa ya fara hura lasifika, fu, fu, yana gwadawa. Ta ƙarƙashin labulen falo kuwa wani sanyi ke silalowa yana lasar ƙafar mutum, ga kuma gurnanin sabon esi, na'urar sanyaya ɗaki, huuuu, kwana tara kenan ba ya hutawa sai in an ɗauke wuta.

Sai ƙwal! a kan kwano.

Hasiya ta ɗaga kai. Shiru. Ta ce a ranta yaran layi ne da rashin ji. Kafin ta mayar da ido kan faranti sai ƙwal, ƙwal, ƙwararas, wani dutse ya gangaro ta indararo ya faɗo daidai gabanta, ya yi tsalle ɗaya ya tsaya.

"Umma, jifa fa ake yi," in ji Suwaiba a hankali.

"Na ji, ni ba kurma ba ce. Shige ɗaki."

Ta miƙa hannu ta ɗauki dutsen don ta nuna wa mai gidan in ya dawo daga masallaci. Wallahi ko daƙiƙa bai yi a hannunta ba ta yar da shi. Zafi ƙau, kamar yanzu aka zaro shi daga murhu. Ta tsaya tana kallon tafin hannunta da ya yi ja. Wane yaro ne zai tsaya gasa dutse kafin ya yi jifa da shi? Idonta ne dai ya tafi da kansa can kusurwar gida, inda wani siririn lungu ya bi ta bayan falo. Ta yi maza ta ɗauke idon.

To bari a koma baya kaɗan don ku gane inda aka kwana.

Duk wanda ya san Jos ya san esi a garin nan abin dariya ne. Garin da ake kwana da bargo kusan shekara guda, zafin ma sai ɗan na Maris da Afrilu kafin ruwa ya sauka. Amma Alhaji Labaran, mijin Hasiya, mai bas-bas ɗin haya a tasha, ya je Abuja ya kwana gidan wani abokinsa, ya dawo ya ce shi ma ai ba bawan wani ba ne, sai ya sa. Matsalar ita ce gidan tsoho ne. Babansa ya gina shi da dutse tun zamanin haƙar kuza, bango kauri kamar na kurkuku, silin ƙasa-ƙasa, babu ta inda bututun iska zai bi irin na manyan gidaje.

Maƙwabcinsu Livinus shi ya warware masa. Ibo ne, mai gyaran firji da esi, katanga ɗaya ta raba su shekara goma sha takwas, yana cikin 'yan kaɗan ɗin da ba su tashi daga layin ba bayan rikicin 2001. Ya ce, "Oga Alhaji, kar ka fasa bango. Sayi mai kashi biyu. Ɗaya yana ciki, ɗaya yana waje, rami ɗaya kawai zan huda kamar bakin kofi, fayif ya wuce. Shi kenan." Ya nuna gefen tagar falo ta tsakar gida, ya ce nan injin waje zai zauna don ya sha iska. Alhaji ya ce madalla, ya tafi tasha.

Nan ne fa Hasiya ta shigo cikin maganar. Gefen tagar nan wurin tabarmarta ne, nan take shanya kuɓewa, nan take miƙe ƙafa da hantsi. Da ta ji injin zai riƙa feso iska mai zafi, wani siririn fayif kuma ya riƙa ɗigar da ruwa, sai ranta ya ɓaci. Ta ce a kai shi lungu.

Shi kuwa lungun nan yana da doka. Marigayiya Inna, uwar Alhaji, tun Hasiya tana amarya ta ja mata kunne. Ba a zuba ruwa a wurin, mai zafi ko mai sanyi. Ba a share shi bayan la'asar. In dole ta kai ka, ka yi sallama, ka yi bismillah, ka fito da sauri. "Akwai masu wuri," haka kawai take cewa. Shekara ashirin Hasiya tana bin dokokin tsohuwar nan, na lungu da na miya da na yadda ake ɗaura zani, har sai da Allah ya karɓi abarsa shekara uku da suka wuce. Kuma a gaskiya, ranar da ta nuna lungun da yatsa, har da ɗan daɗi ta ji a ranta.

Livinus ya leƙa ya girgiza kai. "Maman Suwaiba, wurin nan ya matse, inji yana son iska. Kuma Mama kafin ya mutu ya ce kar a taɓa nan. Ni na ji da kunnena."

"Aiki aka kira ka ko wa'azi?" ta ce. "Alhaji ne ya aiko ya ce a canza."

Ƙarya ce. Da Alhaji ya dawo da yamma ya tambayi yadda aka yi inji ya koma baya, sai ta ce Livinus ne ya ga ya fi, saboda ɓarayi. Ƙarya ta biyu kenan. Alhaji ya danna rimot, sanyi ya busa masa, ya yi dariya har da tafi, magana ta wuce.

To ga shi yau an fara jifa.

Washegari ma daidai lokacin nan aka yi. Jibi ma haka. Da rana lafiya lau, da an yi sallar isha kuma tsit, amma tsakanin faɗuwar rana da duhu, lokacin da kaji ke shiga akurki kuma iyaye ke kwashe yara daga waje, sai duwatsu su fara sauka. Ba su da yawa. Biyar, bakwai, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Kuma duk ta ɓangaren bayan falo suke zuwa, wato ta wajen katangar Livinus.

"Na san za a rina," in ji Alhaji, yana huci. "Baƙin ciki ne. Ya kafa min da hannunsa, ya koma gida abin na cin sa."

Hasiya ta ce, "Alhaji, ko dai a kashe esin nan kwana biyu mu gani?"

"A kashe? Don Inyamuri ya yi jifa? Ke wani lokaci sai ki yi magana kamar ba ki taɓa shiga aji ba."

Ranar Juma'a da magariba iska ta ɗauke hijabin Suwaiba daga igiya ta cusa shi cikin lungun. Hasiya na madafi, ba ta gani ba. Yarinya ta shige abinta, ba sallama ba komai, ina ta san wata doka, tun da Inna ta rasu ba wanda ya ƙara ambatonta. Da Hasiya ta fito sai ta gan ta tsaye a bakin lungu, ba hijabin a hannunta, ta ƙura wa ƙasa ido. Kitsonta ya jiƙe sharkaf, ruwa na bin goshinta.

"Ke Suwaiba, lafiya?"

Hasiya ta kama kumatunta. Na dama sanyi ƙalau, na hagu kuwa zafi kamar bayan tukunya. Yarinyar ta ɗago ido a hankali, ta dubi uwarta irin kallon da ake yi wa baƙon da ba a so, ta buɗe baki.

"Ɗis," ta ce. Ta yi shiru. "Ɗis." Ta sake yin shiru. "Ɗis."

Daga ranar nan ba ta ƙara wata magana ba sai wannan. Ba ci, ba sha sai an ɗura. An kai ta asibiti, an ɗibi jini, an duba maleriya da taifot, ba a ga komai ba, aka sa mata ruwa leda biyu aka sallamo su. A gida kuwa, in esi na kashe, sai ta kwanta lamo kamar gawa. Da an kunna sai ta dafe kai ta fara birgima, tana kare fuska da hannu kamar mai tsaye gaban maƙera. Hasiya ta lura. Ko makaho ma zai lura. Amma Alhaji ya ce ai zazzaɓi ne, sanyi ma taimakonta zai yi, kuma shi ya riga ya gano bakin zaren: asiri Livinus ya cusa a ramin da ya huda.

Bai tsaya a cikin gida da maganar ba. A ƙofar masallaci ya faɗe ta, a tasha ya faɗe ta. Kun kuwa san yadda garin nan yake a shekarun nan, magana irin wannan ashana ce kusa da fetur. Ranar Lahadi da yamma, Livinus da iyalinsa sun dawo daga coci ba da jimawa ba, samarin layi suka taru a ƙofarsa. Aka fara da zagi, aka koma jifa. Aka farfasa gilashin tagarsa, aka kifar da firjin mutane biyu da ke jiran gyara a ƙofar shago. Matarsa Felicitas ta fito tana roƙo, dutse ya same ta a gira, jini ya wanke mata rabin fuska. Sai da dattawan layi suka fito da sanda suka kori samarin.

Hasiya na tsaye a zaure, tana leƙe ta tsagar ƙofa. Ta ga komai. Felicitas ɗin nan ita ta riƙe mata hannu a mota ranar naƙudar Suwaiba. Kalma ɗaya ce za ta fito ta faɗa a watse. Ta buɗe baki, ta tuno fuskar Alhaji, ta rufe. Ta koma ciki ta zauna kusa da 'yarta, ita kuma tana ta ɗis, ɗis, ɗis.

Da magariba ta yi, duwatsu suka sauka kan kwano kamar kullum, alhali Livinus na can asibiti ana yi wa matarsa ɗinki.

Liman ne ya matsa wa Alhaji sai da ya yarda aka kira Malam Sharafaddeen daga unguwar Ali Kazaure. Ranar Litinin bayan la'asar ya iso a bayan ɗan acaba. Siririn mutum ne, ba rawani ba carbi mai tsawo, 'yar jaka ce kawai a hammatarsa da gorar ruwa. Ya shiga falo, ya tsaya, ya ɗaga kai ya kalli farin abin da ke manne a bango, ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, a kashe wannan."

"Malam, ai zafi..."

"A kashe."

Aka kashe. Shirun da ya biyo baya sai ya yi nauyi, har ana jin kukan tsuntsaye a bishiyar mangwaron maƙwabta. Aka kwantar da Suwaiba a kan darduma, aka lulluɓe ta da zani har ƙafa. Hasiya ta riƙe kafaɗunta, Alhaji da liman suka zauna gefe. Malam ya durƙusa dab da kunnenta na dama ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Ya yi Fatiha, ya shiga Baƙara. Minti goma ba abin da ya motsa. Ya kai Ayatul Kursiyyu, ya maimaita, ya sake maimaitawa, sai yatsun ƙafar yarinyar suka fara rawa. Ya yayyafa mata ruwan tofi.

Wata irin ƙara ta fito daga bakinta, wadda ba ta 'yar shekara sha shida ba. Ta tashi zaune da ƙarfin da ya wurgar da Hasiya jikin kujera. Sannan ta naɗe ƙafa irin zaman tsofaffi, ta gyara zani, ta tsuke baki.

"Ya isa haka, malamin zamani. Ka ƙona ni, me ka samu?"

Muryar tsohuwa ce, a dishe, kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Sunana ba na bakinka ba ne."

"Musulma ce ke?"

"Na riga kakanka yin sallah."

"To ki ji tsoron Allah. Me yarinyar nan ta yi miki?"

Tsohuwar ta yi wata dariya mara daɗi, ta juya kan Suwaiba ta kalli Alhaji sama da ƙasa. "Tun kafin uban wannan mai tumbin ya zo haƙar kuza da kwandonsa a ka muke lungun nan. Ya yi gininsa, ya bar mana namu. Matarsa ta san mutunci. Shekara hamsin ko ruwan alwala ba ta watsa mana ba. Ku 'yan Adam ko ruwan zafi za ku zubar da magariba ai kukan yi bismillah, mu ji, mu janye yaranmu. To wannan ƙarfen da kuka kafa mana fa? Bismillah yake yi? Sallama yake yi? Wuta a fuska, ruwa a ka, wuta a fuska, ruwa a ka, safe da yamma, ba ya gajiya. Ɗana na kwance, fatar fuskarsa ta saɓule. Na yi jifa don ku ji, kuka tafi kuka fasa kan matar mutane."

Liman ya sunkuyar da kai. Alhaji ya yi zumbur. "Ai shi ya kafa! Shi ya zaɓi wurin, ya san abin da yake yi!"

"Rufe min baki," in ji tsohuwar, ko kallonsa ba ta yi ba.

Malam ya ce, "An zalunce ki, na ji. Amma ke ma kin yi zalunci. Wani ba ya ɗaukar laifin wani. Ki fita."

"Sai ɗana ya warke. In ya mutu kuwa, na riƙe wannan a madadinsa."

"Ba ki isa ba." Ya ɗaga gora zai ci gaba da karatu.

"Tsaya! To a yanka min baƙin bunsuru a bakin lungu."

"Jini kam babu. Ko na sauro ba za a zubar miki ba a gidan nan. Faɗi abin da yake haƙƙinki, a ba ki."

Ta ja numfashi da ƙyar. Hasken da ke shigowa ta taga ya fara yin ruwan goro.

"Abu biyu," ta ce. "A cire ƙarfen nan kafin a kira magariba, yau ɗin nan, a toshe ramin. Wanda ya kafa shi zai cire, ba wani ba. Na biyu, mai aiki ya faɗi gaskiya ranar nan, ya ce kar a taɓa, ina ji. Wanda ya nuna wurin da yatsa ya tilasta shi yana cikin ɗakin nan. Ya faɗa da bakinsa kowa ya ji. In ladan ya riga ku, to ku nemi likkafani, ko ka karance Alƙur'ani duka a kaina."

Malam ya ce, "Rai ba a hannunki yake ba." Amma ya juyo ya dubi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya.

Hasiya ta kalli bakin 'yarta, leɓɓan sun bushe sun tsage, kwana uku ba abinci. Ta kalli wuyan da ya rame har ƙashi ya fito.

"Ni ce," ta ce.

Alhaji ya juyo a hankali. "Ke ce me?"

"Ni na ce ya kai lungu. Ya ƙi, na ce masa kai ka aiko. Kai kuma na ce maka shi ya zaɓa. Ba ruwan Livinus, wallahi ba ruwansa."

"Kina tsaye jiya aka..." Jijiyar wuyansa ta tashi. "Kika bar ni na tsaya ƙofar masallaci ina rantsuwa? Kika mayar da ni maƙaryaci a layin ubana?"

"Alhaji," in ji Malam, "rana ba ta jiran faɗanku."

Hasiya ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta ja mayafi ta fita, ta bi ta kan fasassun gilasai har ƙofar maƙwabta, ta buga. Felicitas ce ta buɗe, da filasta a gira, ido ɗaya a kumbure. A bayanta an ɗaure katifu da igiya, an tara tukwane a buhu.

"Me kuma?" ta ce. "Kun manta wani taga ba ku fasa ba?"

"Don Allah Livinus nake nema. Suwaiba za ta mutu."

"Jiya ni ma na kusa mutu. Na gan ki a ƙofa, Maman Suwaiba. Na ga ƙafarki ta ƙasan ƙofa. Kin fito?"

Hasiya ta durƙusa nan kan dakali, a titi, mutane na kallo. Ta faɗi komai, yadda ta faɗa a falo. Felicitas ta saurara har ƙarshe, sannan ta tofar da yawu gefe.

"Shekara sha takwas," ta ce. "Tufiakwa, Allah ya sawwaƙe."

Livinus ya fito daga ciki, ba riga sai singileti. Bai kalli Hasiya ba. "Zan cire," ya ce. "Ba don ke ba, ba don mijinki ba. Yarinyan nan a gabana ya fara tafiya. Amma ba zan taka gidan ba sai Alhaji ya fito nan, inda ya tara mini mutane, ya faɗa ba ni ba ne."

Liman ne ya jawo Alhaji har waje. Samarin jiya na nan zaune kan benci, sun yi tsuru-tsuru. Alhaji ya tsaya, ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya ce ta cikin haƙora, "Ba shi ba ne. Daga gidana ne."

"Ban ji ba, Oga Alhaji."

"Na ce ba kai ba ne!"

Livinus ya ɗauki jakar kayan aikinsa da tsani. A bakin lungu ya tsaya, ya yi alamar gicciye, ya ce, "Masu wuri, abeg, aiki na zo." Hasiya na bayansa ta yi sallama da muryar da ita kanta ba ta gane ba. Wurin ya yi ɗumi kamar gidan burodi. Ƙasa ta yi laka, gansakuka ta fara fitowa inda fayif ke ɗiga, bangon dutsen da ke fuskantar injin kuwa ya yi baƙi.

Ya sa sifana, sai ya dakata. "Sai an kunna shi minti biyu, gas ya koma cikin inji. In na kwance haka, gas duka zai tafi, inji ma zai iya lalace."

Daga cikin falo, ta ramin bango, muryar tsohuwar ta fito sarai. "A kunna a gani."

Alhaji na tsaye a tsakar gida da rimot a hannu. Ya buɗe baki, wai shi a dole sai ya yi lissafi. Can lasifikar masallaci ta yi fu, fu.

"Kwance!" Hasiya ta daka tsawa, irin wadda ba ta taɓa yi ba a gidan nan. "Ya tafi mana! Kwance shi!"

Livinus ya murɗa. Gas ya fito da wani tsaki mai tsawo, fari fat, ya cika lungu. Ya yanke waya, ya zare fayif, ya kwance ƙusoshi huɗu, ya rungumo injin shi kaɗai, jijiyoyin hannunsa kamar za su tsinke, ya dire shi a tsakar gida daidai kan tabarmar Hasiya. Ita kuwa ta kwaɓa laka da tsakuwa da hannunta, ta hau tsani, tana cusawa a ramin tana bismillah, tana cusawa tana bismillah, har ya toshe.

Ta sauko da gudu ta faɗa falo. Malam na riƙe da babban yatsan ƙafar Suwaiba na hagu.

"An cika miki," ya ce. "Saura ke. Ki yi alkawari da Allah ba za ki dawo ba."

"Na yi. Lungun ma na bar muku, kun riga kun ɓata shi." Tsohuwar ta juya ta ƙura wa Hasiya ido, ta daɗe. "Ke kin samu taki. Ni ban san ko zan samu nawa ba."

Jikin yarinyar ya sandare, ƙafar ta yi wata irin girgiza. Ta yi atishawa sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ta sulale jikin uwarta. A daidai nan ladan ya ce Allahu Akbar. Kowa ya kasa kunne yana jiran kwano. Har aka gama kiran sallah ba abin da ya faɗo.

Suwaiba ta buɗe ido. "Umma," ta ce, da muryarta ta gaske, 'yar siririya. "Yunwa nake ji."

Livinus na tsaye bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma. Liman ya ce ya tsaya a yi magana bayan sallah, a san yadda za a gyara abin da aka fasa. Livinus ya ce ba komai, motar kaya na zuwa da safe. Ya saɓa tsaninsa ya fita, bai yi wa kowa sai an jima ba.

Maza suka tafi masallaci. Hasiya ta dama kunun gyaɗa, ta zauna a ƙasa, ta jingina 'yarta a ƙirji tana ba ta da cokali. Hannunta duk laka ce ta bushe, ƙafarta na jini inda gilashi ya yanke ta, ba ta ma sani ba. Haka Alhaji ya dawo ya same su. Ya tsaya a kansu, bai zauna ba, fuskar nan kamar hadarin gabas.

"Hasiya."

"Na'am, Alhaji."

"In gari ya waye ki tattara ki tafi gidanku, sai na neme ki."

Ba ta ɗago ba. Ta ɗebo kunu, ta hura, ta taɓa da leɓenta ta ji ko ya huce.

"To, Alhaji," ta ce. "Buɗe baki, Suwaiba. Saura kaɗan."